Tifa ta ɗaukar ƙasa ce, ba ta ɗaukar lebura ba

Duk mai fita daga Katsina da sassafe ta hanyar Daura, ko ta Kano, ko ta Jibiya, ya saba ganin abin da zan faɗa. Gari na fara wayewa sai ga tifa ta fito shaƙe da marmara, a saman marmarar kuma samari ne reras, kowa ya rungume shebur ko diga, wasu sun naɗe fuska da ƙyalle saboda ƙura. Wani ya zauna kan murfin baya ya zuro ƙafafu waje. Wani ya maƙale tsakanin kan motar da bodi. Can bayansu ga farar Hilux, gilashi a rufe, direba da mutum ɗaya a gaba, kujerun baya kuwa ba kowa sai hular kwano a ajiye.

Mun saba gani har ba ma ɗaga kai. Ni ma abin da ya sa na ɗauki alƙalami dubiya ce da na je a unguwarmu. Ƙanen wani maƙwabcina, yaro ne da bai daɗe da aure ba, ya faɗo daga bayan tankar ruwa a wurin wani aikin hanya da ake yi a wajen gari. Ƙugu ya goce, cinya ta karye. Na tarar da shi kwance a zaure kan katifa, an ɗaure ƙafar da karare, masu dubiya na shigowa suna fita. Kowa ya shigo sai ya ce, “Sannu, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Allah ya sa kaffara ne.” Ina zaune foman ɗinsu ya zo da ambulan ya miƙa wa yayan, ya ce, “Yallaɓai ya ce a duba shi da jiki.” Aka yi godiya, har da rakiya zuwa bakin titi.

Babu wanda ya tambayi abin da ya kai mutum bayan tanka. Da na taɓo zancen a waje, yayan ya dube ni ya ce, “Malam, to mi za mu ce? Da ya ƙi hawa, nan za su bar shi, gobe kuma wani za a ɗauka.”

Matsayina a kan wannan ba mai tsawo ba ne. Wanda ya ɗauki lebura aikin hanya, a wuyansa yake ya kai shi wurin aiki ya dawo da shi a motar da ke da wurin zaman mutum. In ya ɗora shi kan tifa ko tanka ya faɗo, to laifin na mai aikin ne, kuma gwamnatin da ta ba da kwangilar ba ta rubuta sharaɗin ba tana da nata kason.

Yadda ake faɗowa

Aikin hanya ba kamar aikin gini ba ne da ake wuni wuri ɗaya. Aikin tafiya yake. Yau ana kilomita na biyar, jibi an kai na bakwai. Ramin da ake haƙo marmara yana can cikin daji, inda ake dafa kwalta yana wani wuri daban, ruwa kuma sai an je dam ko rijiyar burtsatse. Saboda haka lebura yakan hau mota ya sauka sau da yawa a wuni ɗaya, kuma galibin hawan na ɗan gajeren zango ne, irin wanda ake cewa “ai nan da can ne.” A irin wannan zangon ake faɗowa.

Akwai mai zama a saman kaya, direba ya faɗa rami ko ya taka birki saboda akuya, ƙasar da yake kai ta zame da shi. Akwai mai tsayawa a bayan tankar ruwa yana buɗe famfo ana yayyafa wa hanya, ƙarfen da ya taka a jiƙe, silifas ne a ƙafarsa, hannu ɗaya ne kawai a riƙe. Akwai mai tsayawa a bayan a-kori-kura yana jera robobin nan masu tsini da ake raba hanya da su, ya sunkuyo rabin jikinsa a waje motar na tafiya. Akwai mai hawa saman tifa ya kwance tamfol, direba bai san yana can ba ya ja mota, ko ya ɗaga bodi. Akwai kuma mai maƙalewa a matakalar gireda ko rola, injin da kujera ɗaya tak aka yi masa, ta mai tuƙi.

Za a ce ai motocin wurin aiki ba gudu suke ba. To, a yi lissafi. Motar da ke tafiyar kilomita 40 a awa tana cin mita 11 a kowane sakan. Wanda ya faɗo daga kanta da wannan gudun jikinsa zai bugi abin da ya tarar, kwatankwacin wanda ya faɗo daga gini mai tsayin mita 6. Ko an rage zuwa kilomita 30, lissafin na ba da mita uku da rabi. Ba a ma saka tsayin tifar kanta ba, wanda in an cika ta mai zama a sama yana iya kai mita 3 daga ƙasa.

Kuma ba kan ciyawa zai faɗa ba. Tsakuwa ce, ko kankaren kwalbati, ko kwalta da aka zubo yanzu wadda zafinta kan kai kusan digiri 150. Mafi muni shi ne abin da ke biye. A wurin aikin hanya mota ba ta tafiya ita kaɗai: bayan tifa akwai wata tifar, ƙura ta turnuƙe, direban baya ba ya ganin abin da ke gabansa. Idan kuma ribas ake yi, mai tuƙin tifa ba ya ganin komai a daidai bayansa, madubin gefe ba ya nuna wurin. Da yawa faɗuwar ba ita ke kashewa ba, tayar da ta biyo baya ce.

Hular kwanon da ake rabawa ranar da manya za su zo duba aiki ma ba ta da wani amfani a nan. An yi ta ne don tare abin da zai faɗo wa mutum a ka daga sama. In ba ta da igiyar haɓa, ita ke fara barin kan kafin mai ita ya kai ƙasa.

“Tsautsayi ne”

Wannan ita ce maganar da ta fi ƙarfi a wurinmu, kuma ba na wasa da ita. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Wanda ya karye ya ce “haka Allah ya so” ya faɗi gaskiya, kuma haƙurin da ya yi zai samu ladansa.

Amma wannan magana ce ta wanda abin ya sama. Ba ta dace da bakin wanda ya jawo ba. Addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya wajabta diyya a kan kisan kuskure, ga shi nan a Suratun Nisa’i aya ta 92. Wanda ya kashe bisa kuskure bai yi niyya ba, kwanan mamacin kuma ya ƙare, duk da haka aka ce a biya iyalansa. Da a ce ƙarar kwana na wanke mai sakaci, da ba a saukar da wannan hukuncin ba. Malamanmu na fiƙihu sun yi dogon bayani a kan lamunin wanda ya haƙa rami a hanyar jama’a wani ya faɗa. To ina ga wanda ya ɗora mutum ashirin a kan tulin ƙasa ya ce direba ya ja?

Abin da ke ba ni haushi shi ne ɗan kwangilar da ke cewa tsautsayi ne, shi kansa ba ya barin injinansa ga tsautsayi. Yana ɗaukar mai gadi, yana kulle man dizal, yana ƙirga buhunan siminti safe da yamma. Ko fataken da ke lodin shanu daga Mai’adua ko Charanchi sai sun zuba yashi a ƙasan tirela sun ɗaɗɗaure dabbobin, don kada ɗaya ta zame a yi asara. A kan lebura kaɗai ake tuna tawakkali.

“Ai su ke hawa da kansu”

Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba. Samarinmu akwai ganganci. Na sha ganin wanda zai bi tifa da gudu ya kama ya ɗare, abokansa na yi masa shewa. Wani ana ce masa ya zauna sai ya miƙe tsaye don a san shi namiji ne. Wani kuma ya sha abin da zai ƙara masa ƙarfin aiki, ido ya rufe. Direbobi ma na kuka da su, sukan ce ka kore su ta nan su hau ta can.

Sai dai a duba zaɓin da aka ba shi. An ce a hallara ƙarfe bakwai a wurin da ke da nisan kilomita 20 daga gari, wurin da motar haya ba ta zuwa. In ya hau ɗan acaɓa zuwa da dawowa, rabin kuɗin wunin ya tafi. Motar kamfani ɗaya ce ke zuwa can, ita ce tifa. A bakin ƙofar yadi kuma ga wasu samari tsaye suna jiran a ce an rasa mutum ɗaya. Wanda aka tsare haka aka ce “in ka ga dama ka hau,” ba a ba shi zaɓi ba.

Sannan ganganci abu ne da ake hanawa in an so. Kamfanin da ya iya korar lebura saboda ya makara, ko ya yanke masa kuɗi saboda kwanon sarki ya ɓace, ba zai ce ya kasa hana shi hawan bayan tanka ba. Foman na gani. Injiniya na gani ta gilashin motarsa. An ƙyale ne don hakan ya fi sauƙi. Ranar da aka ce duk direban da ya ja tifa da mutum a sama ya rasa aikinsa, a ranar za a daina, domin direban da kansa zai sauko ya zagaya motar kafin ya tayar.

Mun ga irin haka. Kafin 2003 direba nawa ne a ƙasar nan ke ɗaura bel? Da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara kamu, har waɗanda ke cewa bel na shaƙe su suka koya.

“Kuɗin bai kai ba”

A nan ne nake dariya. Kwangilar hanya a yau da biliyoyi ake faɗinta a rediyo. A cikin takardar kuɗin aiki akan ware na motocin da za a ba injiniyoyi masu sa ido, da mansu, da ofishinsu mai na’urar sanyaya ɗaki, da allon da za a kafa a bakin hanya mai ɗauke da sunan aikin. Ban ce kada a yi ba. Amma takardar da ta iya ɗaukar waɗannan ba za ta gagara ɗaukar hayar bas biyu ba. In ma bas ta yi tsada, a samu mota ƙirar kanta a walda mata benci da ƙarfen riƙewa da rumfa da tsani, masu walda a Katsina za su gama ta cikin mako guda. Tankar ruwa kuma ana iya jawo mabuɗin famfonta zuwa kusa da direba, kowa ya huta da tsayuwa a baya.

Na san akwai ƙananan ’yan kwangila, waɗanda babban kamfani ke yanko wa aikin kwalbati ko magudanar ruwa, kuma kuɗinsu kan maƙale wata da watanni. Ina tausaya musu. Amma shi ya sa na ce maganar ta koma kan mai ba da aiki. In gwamnati ta rubuta jigilar ma’aikata a matsayin layi mai zaman kansa a takardar kwangila, da kuɗinsa a gefe, babu wanda zai ce ya rage farashi ta hanyar ɗora mutane kan marmara. Yanzu kuwa wanda ya yi niyyar sayen bas shi zai sha ƙasa a wurin neman aiki, don na kusa da shi ya fi shi arha.

Kuma kuɗin da aka ce an tsimi ba ɓacewa yake ba, wani ne ke biya. Yayan yaron nan ya sayar da tumakin matarsa. In abin ya fi ƙarfin maɗori, sai asibitin Janar Amadi Rimi, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko a wuce da shi asibitin ƙashi na Dala a Kano, kuma kowa ya san abin da sa ƙarfe a cinya ke ci. In laka ce ta taɓu, magidanci ya koma sai an kwantar an tayar, matarsa ta koma aikatau, yara su bar makaranta.

“Ba ma’aikacinmu ba ne, ɗan wuni ne”

Wannan ce mafakar ƙarshe, kuma doka ta riga ta rushe ta. Tun Disambar 2010 aka sa hannu a kan Dokar Biyan Diyya ga Ma’aikata, wadda hukumar inshorar ma’aikata ta NSITF ke gudanarwa. Dokar ta ce mai ɗaukar ma’aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a kowane wata cikin asusun diyya, kuma haramun ne ya cire kuɗin daga albashin ma’aikaci. Da ta zo fayyace wane ne ma’aikaci, ta haɗa da na wucin gadi da na ɗan lokaci da mai koyon sana’a. Lebura ɗan wuni yana ciki.

Akwai wasu abubuwa a dokar da ya kamata kowane mai ɗan’uwa a aikin hanya ya sani. Haɗarin da ya faru a hanya tsakanin gida da wurin aiki ana lissafa shi cikin haɗarin aiki, don haka ba a cewa “ai ba a fara aiki ba tukuna.” Ba sai an tabbatar da laifin kamfani ake biya ba. Wanda ya ji rauni, ko iyalansa in ya rasu, su sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7 da faruwar abin, neman diyya kuwa a shigar da shi cikin shekara ɗaya. In mutum ya nakasa gaba ɗaya, ko ya rasu ya bar mata da ’ya’ya biyu ko fiye, abin da doka ta tanada shi ne kashi 90 cikin 100 na albashinsa a kowane wata. Sannan duk yarjejeniyar da aka sa ma’aikaci ya yi cewa ya yafe wannan haƙƙin, dokar ta ce ba ta da tasiri. Ambulan ɗin foman kyauta ce, a karɓa a yi godiya, amma ba ta share komai ba.

To me ya hana leburori cin moriyar wannan? Suna. Mafi yawansu ba a rubuta su a ko’ina ba sai a ɗan littafin heluma, shi ma da laƙabi: Ɗan Mashi, Dogo, Na Rimi. Ana biyansu a hannu ranar Asabar. Ranar da abu ya faru, littafin na iya ɓacewa, kamfani ya ce bai san shi ba, ai yaron ɗan kwangilar ƙasa ne, shi kuma ya ce na direba ne. Kamfanin da ke neman kwangilar Gwamnatin Tarayya sai ya nuna takardar shaidar biyan NSITF, amma takardar ba ta nuna ko sunayen masu shebur na cikin waɗanda aka biya wa.

Shawarata ga iyalai ita ce kada a tsaya jiran alheri. A rubuta takarda ko da hannu ne, a faɗi rana da wuri da lambar motar, a samu abokan aiki biyu da suka gani, a kai wa kamfani a riƙe kwafi. A adana katin asibiti da hoton ƙashi. Wanda aka kai wurin maɗori kai tsaye ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma nan ne ake rasa haƙƙi da yawa.

Minti goma na farko

Akwai ɓarnar da mu kanmu muke ƙarawa saboda tausayi. Da mutum ya faɗo sai a rufu a kansa, wannan ya kama hannu, wancan ƙafa, a ɗaga shi wuya na lilo, a cusa shi bayan a-kori-kura ko a ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu. In ƙashin wuya ko na baya ya tsage, wannan ɗagawar ce ke ƙarasa lakar. Abin yi shi ne a fara tsayar da motocin da ke tafe, a riƙe kansa daidai da jikinsa, a danne inda ke zubar jini da ƙyalle mai tsabta, a zuro katako ko ƙyaure a ƙarƙashinsa a ɗauke shi a miƙe. Kada a ɗura masa ruwa. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122.

Wanda kuma ya bugu a ka ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce “ba komai,” shi ma a kai shi asibiti. Jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali, mutum na magana lafiya lau, bayan wasu awoyi ya fara amai da barci mai nauyi, kafin a ankara ya tafi. Wurin aikin da ke da mutum ɗari ya kamata a ce akwai ko mutum biyu da aka koya wa wannan.

Wa zai fara?

Ba sabuwar doka muke nema ba. Jami’an FRSC da ’yan KASSAROTA, masu kula da zirga-zirgar motoci a jihar Katsina, na tsayar da mai Keke Napep da ya ɗauki mutum biyu a gaba, kuma daidai ne. Tifar kamfani kuwa sai ta wuce su da mutum ashirin a sama, a ɗaga mata hannu don an ga fenti da lambar aikin gwamnati. In za a kama, a fara da ita, kuma tarar ta hau kan kamfani, kada a matse direban da shi ma umarni aka ba shi.

Amma wanda ya fi kowa riƙe da wuyan ɗan kwangila shi ne injiniyan da ke sa hannu a takardar biyan kuɗi. Shi ke auna kaurin kwalta, ya ce wannan kwalbatin bai yi ba a fasa a sake, kuma a fasa. Ma’aikatar ayyuka ta jiha da hukumar gyaran hanyoyi su ƙara masa abu biyu da zai gani da idonsa kafin ya sa hannu: motar da ke jigilar leburori, da rajistar sunayensu na gaskiya tare da shaidar an biya musu kuɗin asusun diyya. In babu, takardar ta jira a tebur har a kawo.